Rose Ɗanyaro da Wuƙarta ta Hagu

Kafin mu san fuskar Rose, ƙararta muka fara sani. An ce mana wata ɗaliba ta kama ɗakin da ke samanmu, a gidan da muke haya a La Guillotière, nan Lyon. Tun ranar da ta tare, da hantsi ya yi sai mu ji wani abu yana kuka daga sama, gajere-gajere, kamar an taka wuyan agwagwa. Ya yi sau uku ya yi shiru, can kuma ya sake. Matata Maimouna ta ce yaro ne da abin wasa. Na ce ban taɓa ganin yaro mai wannan naci ba.

Wata safiya muna saukowa daga bene ni da Maimouna, na ce mata, "Yau agwagwar sama ta makara." Da Hausa na faɗa, don na san a gidan nan daga Larabawa sai ƴan Kamaru. Sai muka ji murya a bayanmu.

"Ina kwana, Baba. Ina kwana, Mama. Agwagwar ta tashi tun ɗazu, lakca gare ta da safe."

Muka waiwaya, ga yarinya siririya ta rusuna a kan matakala, da ɗan baƙin akwati a hannu. Maimouna ta yi dariya har ta dafa bango. Ni kuwa na amsa gaisuwa ina duban takalmina.

Ƴar wani ƙauye ce kusa da Malumfashi a Najeriya, Bahaushiya, Kirista tun daga kakanta. Ubanta Ɗanyaro kafinta ne, ranar Lahadi kuma shi ke busa begila a coci. Uwarta tana cikin zumuntar mata, ita ke buga tulu in suna waƙa. Rose bahaguwa aka haife ta. Ta ce uwarta ta sha ɗaure mata hannun hagu da ɗankwali lokacin cin tuwo, har ta koyi ci da dama, da miƙa wa manya abu da dama. Amma in aikin wuƙa ne ko na guduma, hagun ke fitowa. Ubanta ya ce a ƙyale ta, ƙusa ba ta tambayar hannun da ya buge ta.

A makarantar kwana a Jos wani tsohon malamin waƙa ya buɗe kabad ya nuna mata abin busa da wani ɗan mishan ya bari tun shekaru. Sunansa obo. Baƙin itace ne, tsawon kamu ɗaya da rabi, jikinsa duk maɓallai masu ƙyalli. Ni da na gan shi na ce ƙanwar algaita ce da ta je lakwal, wato makarantar boko. Ba wanda ke busa shi a makarantar, don ba ya magana sai da ɗan kara da ake cusawa a bakinsa, kuma babu mai sayar da shi a kusa. Ɗan karan nan ɓari biyu ne sirara, a haɗa su a ɗaure da zare, tsawonsa bai kai yatsa ba. Mai busa shi ke yin abinsa da hannunsa. Ya jiƙa, ya ɗaure, ya yi ta kankarewa da wuƙa har bakin ya fi ɓawon albasa rashin kauri. Bayan wahalar nan duka, in ya yi sati biyu yana aiki ya mutu, sai a sake wani. Kukan agwagwar da muke ji, gwajin ɗan karan ne shi kaɗai kafin a sa shi a jikin obo.

Malamin ya zana mata irin wuƙar da ake aikin da ita a takarda. Da ta je hutu, ubanta ya ɗauki wani tsohon ƙarfe daga kayan aikinsa ya kai wa maƙeri, shi kuma ya sassaƙa mata ƙota da icen maɗaci. Da wuƙar nan ta gama Jos, da ita ta zo Faransa lokacin da cocinsu ta samo mata gurbi a wata jami'ar Kiristoci a nan Lyon, inda ake koyar da kiɗa da busa na babbar ƙungiya, wadda suke kira okestira. Da safe su yi gajeriyar sujada, su shiga aji. Da rana ta tsaya gaban malamarta, wata tsohuwar Bafaranshiya, ta busa layi ɗaya sau talatin. Da yamma su haɗu su wajen sittin, masu goge manya da ƙanana, masu ƙaho, masu ganga. Haka shekara huɗu.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, daga Tawa a Nijar. Na yi shekaru a izin, wato masana'anta, ta haɗa motoci, da na ajiye aiki sai na koma ga zabirar ubana, na buɗe ɗan shago a ƙasan gidan. Samari ba sa zuwa wurina, inji suke so da zane a gefen kai. Tsofaffi ne ke zuwa, masu son jin sanyin aska, su ma kowace shekara sai an rage ɗaya ko biyu. Tagar ɗakin Rose bango take kallo, aikinta kuwa yana son haske, shi ya sa na ce ta riƙa saukowa tana zama a teburin da ke bakin tagar shagona. Sai ta shimfiɗa ƙyalle, ta jera kara da zare da ɗan kofin ruwa, ta yi awa biyu ba ta ɗaga kai ba. Ita ke karanta mini takardun da ke zuwa daga ofisoshi, don karatuna bai yi nisa ba. Ta kuma kwafi lokutan salla daga kalandar Maimouna ta manna a ƙofarta. Ba wanda ya roƙe ta, amma ban taɓa tayar da kabbara obo na tashi a sama ba.

Alhaji Uzairu, wanda nake yi wa aski duk ranar Alhamis, yakan dube ta ya ce, "Maazou, ka samu magajiya ke nan? Ga ta da wuƙa, saura ƙaho."

Ita kuma ta ce, "Alhaji, in ka yarda da ni, kawo kan."

"A'a, ɗiyata. Na ga abin da kike yi wa kara."

A ƙarshen shekararta ta huɗu wata okestira a Paris ta ce tana neman mai busa obo. Takardar zaman Rose ta ɗalibai ce, tana ƙarewa da ƙarewar karatu. In ta samu aikin, ta zauna ta ci gaba da abin da ta yi shekara goma tana koyo. In ba ta samu ba, ta koma gida, inda ba mai neman obo ko a biki ko a coci. An sa gwajin ranar Litinin. Ɗan karan da take ji da shi ya tsufa, muryarsa ta fara dushewa. Ta ɗaure sababbi guda huɗu, saura kankara, wadda ake yi kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu ko uku don karan ya riƙa hutawa.

Ranar Alhamis da hantsi ta bar kayanta a teburin ta tafi wurin malamarta. Na gama da Alhaji Uzairu, shago ya yi shiru. Ban taɓa taɓa wuƙar nan ba sai ranar. Na ɗauka na shafa bakinta da babban yatsa, sai na ji wani ɗan leɓe ya karkata gefe guda, tun daga gindi har tsini. Gefe ɗaya a shafe, ɗayan a gangare. A wurinmu wanzamai, leɓen nan shi ne alamar ragon mawashi. Ubana yakan ƙwanƙwashe ni in ya ji shi a bakin aska. Na ce a raina, yarinyar nan shekara da shekaru tana fama da dakusasshiyar wuƙa, kunya ta hana ta faɗa, ga shi babban gwaji ya zo.

Na ɗauko dutse na zuba ruwa. Na ci gefen nan, na ci wancan, har suka zama daidai. Na koma kan dutse mai laushi, na gama da fata. Na gwada a damtsena, gashi ya zube ba ko motsi. Na goge ta na mayar inda take, na zauna ina jira kamar wanda ya ɓoye wa jika alewa.

Ta dawo bayan azahar, ta gaishe ni, ta jiƙa ɗan kara guda, ta ɗora shi a yatsa. Ta kai wuƙa sau ɗaya. Maimakon ta ɗebo ɗan gari kamar yadda ta saba, sai ta nutse cikin karan ta tsarge shi har rabi.

Rose ta dubi karan. Ta juya wuƙar a haske, ta shafa a farcenta.

"Baba, ka wasa ta?"

"Na wasa ta, ɗiyata. Yanzu ko kan jariri sai ta aske."

Ta ajiye karan da ya tsage a kan ƙyalle. Sannan ta ce, a hankali, "Ba ta yanka ba ce, Baba. Ta kankara ce. Leɓen nan shi ke aikin."

Ta naɗe ƙyallenta da kayan ciki, ta ce mini sai an jima, ta hau sama. Can na ji ta sauko ta fita. Ranar nan har magariba ba a ji agwagwa ba, ba a ji obo ba. Shekara huɗu ina cewa ƙarar nan ta dame ni, ashe ban san damuwa ba sai da ta ɗauke.

Maimouna ta ajiye mini tuwo ta tsaya a kaina. "Garin neman gira ka tsone ido. Wa ya aike ka? Kai da ko ni ba ka yarda in taɓa zabirarka."

Na sunkuyar da kai na ja kwanon tuwon gabana.

Washegari Juma'a, ina buɗe shago sai ga ta da wuƙar da wani ƙunshin tsofaffin kara. Idonta ya nuna ba ta yi barcin kirki ba. Ta rusuna ta gaishe ni kamar kullum.

"Jiya na yi fushi, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Na kai fushin ɗakin sujada na makaranta, na zauna da shi awa guda. Daga nan na bi abokaina uku masu obo, duk na dama ne, wuƙarsu a hannuna santsi kawai take yi. Na je shagon kayan kiɗa, sun ce ta hagu sai an yi oda, kwana goma."

Na ce, "Ki yafe mini."

"Na yafe tun jiya. Amma yafiya ba ta kankare kara." Ta ajiye wuƙar a gabana. "Ni shafa ta kawai na iya a dutse in leɓen ya kwanta. Ƙarfen da ka ci sai an mayar da shi yadda maƙeri ya yi, ban kuma san ta inda ake farawa ba. Kai ka san ƙarfe, ni na san abin da nake so in ji a farcena. Mu haɗa."

Ta zana mini a bayan ambulan, yadda malaminta na Jos ya zana mata. Gefe guda sai ya kwanta sumul, ba tudu ba gangare. Na ɗauko dutse mafi kaushi, wanda ban taɓa kusantar da aska gare shi ba, na fara. Ƙarfen Ɗanyaro mai taurin kai ne. Na rufe ƙofar shago, na yi ta turawa ina zuba ruwa, ita tana zaune tana kallon hannuna. Wajen sha ɗaya gefen ya kwanta. Saura tayar da leɓe, abin da na yi shekara hamsin ina kashewa. Sau biyu hannuna da kansa ya juya wuƙar ya share shi kafin in farga. Na uku ya tsaya. Na gwada a farcena, ta kama. Na miƙa mata da murna.

Ta gwada, wuƙar ta zame. Ta sake, ta zame. Sai ta fashe da dariya, dariyar farko tun jiya.

"Baba, da wane hannu ka gwada?"

Na dubi hannuna na dama.

"Ka yi wa Alhaji Uzairu wuƙa mai kyau," in ji ta. "Saura tawa."

Na tafi masallaci, na dawo na sake zama. Wannan karon sai da na riƙe wuƙar da hagu, ni da aka raina a kan cewa hagu ba ta karɓa ba ta bayarwa. Hannun ya zama kamar na aro. Rose ta zagayo ta dafa wuyan hannuna tana karkata shi kaɗan-kaɗan, tana cewa, "Ɗaga. Ya yi yawa. Nan. To, tura sau biyu kawai." Muka ɓata tsofaffin kara sun fi goma wajen gwaji. Ana kiran la'asar a wayar Maimouna, Rose ta ɗora wuƙar a kan kara, ta tura, sai ga ɗan gari fari ya taru a bakin ƙarfen, laushinsa kamar garin da aka tankaɗe sau biyu. Ta sake turawa. Ta ɗago kai.

"Je ka yi salla, Baba. Ta dawo."

Yammacin nan da Asabar duka tana bakin taga. Cikin ukun da suka rage, ɗaya ya ƙi, biyu suka yi magana. Da agwagwa ta yi kuka ranar Asabar da hantsi, Maimouna ta leƙo daga kicin ta ce, "Alhamdu lillahi." Ranar Lahadi ta busa ɗaya a cocinsu don ta ji yadda yake a gaban mutane. Da ta dawo ta ce in shirya, tare za mu Paris.

"Ni kuma me zan yi a can?"

"Iskar Paris ba ta Lyon ba ce. Kara yana kumbura ko ya tsuke, sai na sake taɓa shi da safe. In leɓen ya kwanta fa? Ka zo da dutsen."

Muka hau jirgin ƙasa da rana, dutse naɗe cikin tawul a zabirata. Muka sauka wurin ɗiyata Kadidiatou, wadda ke aure a La Courneuve, gefen Paris. Da ta ji abin da ya kawo ni, ta ce, "Baba, shekara biyu ina roƙonka ka zo ka ga sabon gidana ka ce gwiwa. Ashe wuƙa ya kamata in aiko maka."

Safiyar Litinin an tashi da yayyafi. Rose ta gwada karan a teburin kicin, ta ce ya yi nauyi. Na shafa wuƙar a dutse sau biyu da hagu, Rose ta ɗebe abin da bai kai ƙurar kan allura ba daga kowane gefen karan, ta busa, ta gyaɗa kai.

Su arba'in da ɗaya suka zo gwajin. A bayan labule ake busawa, alƙalai ba sa ganin mutum, har darduma aka shimfiɗa don kada takun takalmi ya nuna mace ce ko namiji. Ni aka ba ni benci a farfajiya. Ta kowace ƙofa obo ke fitowa, duk waƙa ɗaya suke maimaitawa. Na zauna da carbi. Ba zan ce na san kiɗan Turawa ba, amma wanda ya yi shekara huɗu a ƙarƙashin ɗaki ɗaya ya san muryar ɗakin. Da nata ya taso ta bayan ƙofa biyu, na gane shi, na daina jan carbin har ta gama.

Aka rage su zuwa takwas, aka rage zuwa uku. Wajen ƙarfe biyar ta fito da akwatinta, ta zauna kusa da ni a bencin.

"Wani ɗan Italiya suka ɗauka a kujerar farko, ta babban mai obo," ta ce.

Na fara tunanin karan nan da na sa ya tsage, ko shi ne zai fi sauran.

"Amma mai kujera ta biyu zai ajiye aiki bana. Sun ce in zo in zauna a kanta shekara guda su gani. Za su ba ni takardar aiki in kai firfektir, ofishin takardun zama." Ta dube ni. "Baba, ka ji kuwa? Ba zan bar Faransa ba."

Na ce na ji. Na ɗauki zabirata muka nufi bakin metro, jirgin ƙasan cikin gari.

Da muka koma Lyon, malamarta ta karɓi wuƙar ta gwada, ta tambayi wanda ya gyara. Rose ba ta ba ta labarin ranar Alhamis ba. Cewa ta yi akwai wani gwani a La Guillotière. Tun daga lokacin ɗaliban jami'ar nan ke zuwa shagona da wuƙaƙensu, masu obo da masu wani babba da ake rungumewa kamar taɓarya. Kowa ya shigo, tambayar farko da nake yi masa ita ce da wane hannu yake aiki, ta biyu kuma, yaya yake son ya ji ta a farcensa. Ba na taɓa dutse sai na ji amsa. Wuƙar Rose kuwa duk wata biyu take zuwa daga Paris a jakar Kadidiatou ko ta wani mai tahowa, ƙotar maɗacin nan ta yi baƙi don riƙo.

Kafin ta tashi, okestirar jami'arsu ta yi wasan bankwana a babban zaure, ta kawo mana katin shiga biyu. Maimouna ta ɗaura sabon zane. Muka tarar da su sittin a kan dandamali kowa yana gwada abinsa, hayaniya kamar kasuwar dabbobi. Sai wata mai goge ta miƙe tsaye, kowa ya yi tsit, ta juya ta dubi tsakiyar ƙungiyar, inda Rose take zaune. Ashe al'adarsu ce, obo ke ba da murya kafin a fara. Rose ta ɗaga shi ta busa sauti ɗaya, dogo, siriri, ba rawa a cikinsa. Masu ƙaho suka kama, masu goge suka kama, kowa yana murɗa abinsa yana saurare har ya daidaita da nata.

Maimouna ta matso ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Malam, agwagwarmu ce fa duk suke bi."